Tanimu Mai Haruffan Mota

A cikin Birni aka haifi Tanimu, a gidan maƙeran fari da suka gaji aikin azurfa da tagulla. Mahaifinsa zobba yake ƙerawa da warwaro da ƴan kunne, kuma a zamaninsa da wuya a kai amarya ɗaki a unguwar ba da aikin hannunsa a jikinta ba. Tanimu ya tashi a gindin zugazugi, ya iya narka ƙarfe tun yana ƙarami, amma rabin hankalinsa yana tasha. Da ya samu sarari sai ya sulale can, ya zauna kan dakali yana kallon motocin Magarya da na Tanut suna shiga suna fita, har sai an aiko a kira shi.

Ko da ya girma ya yi aure, kayan adon kanti sun cika kasuwa, ga araha ga ƙyalli, mata suka rage zuwa gidansu. Sai ya koma zubin tukwane da ludaya na alminiyam a wata rumfa da ke jikin garajin Idirisu. Shi Idirisu abokinsa ne tun suna yara, kuma yayan matarsa Rakiya. Makanike ne mai tsantseni, ba ya ɗaura wa mota abin da bai yarda da shi ba, ko da mai ita zai yi fushi ya tafi wani garajin.

Wata rana wani direban Fijo ya shigo garaji yana ƙorafi, wai zakin da ke gaban motarsa ya faɗi a hanya, motar ta koma kamar an aske mata gira. Idirisu ya ce ba zaki ke jan mota ba, ya je ya yi ta aikinsa. Tanimu yana rumfa yana ji. Ya taso ya ari zakin wata Fijo da ke jiran gyara, ya danna shi cikin ɗanyen yashin zubi, ya narka alminiyam ya tsiyaya. Da ya huce ya kankare gefuna, ya yi ta goge shi da tsumma da toka har ya fi na ainihin walƙiya. Direban ya daɗe yana juya shi a tafin hannu yana murmushi.

Daga nan labari ya bazu. Da farko masu neman abin da suka yar ne suke zuwa, wannan harafi ɗaya ya ɓalle masa, wancan yara sun ɓamɓare masa tambari. Sannan samari suka fara zuwa da hoto a waya, suna neman abin da motarsu ba ta taɓa samu ba. Mai ƙaramar Toyota ya ce a yi masa V6, mai taksi ya ce Turbo yake so. Waɗannan haruffa ne da kamfanoni ke manna wa motocin da aka ƙara wa ƙarfin inji, amma a rumfar Tanimu duk mai so yana samu. Ya fito da ƙananan zartunan mahaifinsa da suka daɗe a akwati, ya ci gaba da aiki irin wanda hannunsa ya yi kewa. Tukwane suka koma gefe.

A nan gardama ta samo asali. Kullum bayan la'asar, in an rage aiki, masu son mota sukan taru ƙarƙashin dogon-yaron da ke bakin garaji, a ɗora shayi, a buɗe fada, wato majalisar hira. Babban abokin karawar Idirisu shi ne Nazir, wani malamin boko da ake kira Mushe, da ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, mai wata tsohuwar Marsandi da aka shigo da ita ta Kwatano. Ranar da ya zo da haruffan AMG, alamar Marsandi mai ƙarfin inji, suna sheƙi a bayan motar, Idirisu ya zagaya ta yana goge hannu da tsumma.

"Mushe, in ce dai injin da na kwance makon jiya shi ne har yanzu a cikinta?"

"Shi ne, Baba Idi."

"To, me haruffan nan suka ƙara masa?"

"Shi ba su ƙara masa komai ba," in ji Nazir. "Ni suka ƙara wa. Da safe in na fito na gan su, sai in ji sanyi a raina."

Aka yi dariya. Idirisu bai yi ba. Ya ce haruffan nan shaida ce, waɗanda suka yi gumi suka haɗa inji mai ƙarfi su ne suka sa hannu, kuma bai ga dalilin da mutum zai ɗauki shaidar wani ya rataya wa abin da bai kai ba.

Nazir ya ce, "Yaran unguwa fa da ke sa rigar ƙwallo da sunan ɗan wasa a baya? Ka taɓa tare ɗaya ka ce ya yi ƙarya?"

"Riga ba ta da inji."

"Amma tana da mai ita, kuma mai ita yana da sha'awa."

Wani mai taksi ya sa baki ya ce shi dai tun da ya manna Turbo fasinjoji suka fi tsayar da shi. Idirisu ya ce to ga shi nan, magana ta fito. Fada ta rabu biyu, wasu suna cewa ado ne kawai, wasu suna cewa rufa ido ne. Da aka juyo kan Tanimu, ya kurɓi shayi ya ce a gidansu sun sha wanke tagulla ta yi kamar zinariya, amarya ta sa, kowa ya san tagulla ce, kowa kuma ya ce ta yi kyau.

Haka aka yi shekaru ana yi. Tanimu ba mai yawan magana ba ne, amma yana jin daɗin gardamar kamar yadda yake jin daɗin aikin. In ya koma gida yana maimaita wa Rakiya abin da aka ce, sai ta girgiza kai ta ce, "Kai da Yaya ba ku gajiya ne? Ku da furfura, kuna musu kan ƙarfen da bai kai cokali ba." Sai ya yi dariya ya jawo kwanon tuwo.

Abin da ya sauya lamarin da hantsi ya zo. Wani dattijo mai suna Yunusa, manomin dabino da rake daga Gidimuni, ya shigo garaji da wata doguwar mota mai kamar jif, taɓo da yashi sun bushe a tayoyinta. Ya yi sallama, ya ce kat-kat ɗin motarsa, wato abin da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, shi ne ya lalace, yana so a duba. Kwanan nan ya saye ta a hannun wani dillali, don ya riƙa kai mahaifiyarsa asibiti ba tare da an jira motar kasuwa ba. A tafiyar farko, da ya sauka daga gudro, wato kwalta, ya shiga hanyar yashi, motar ta nutse har ciki. Tsohuwa tana zaune a baya cikin zafin rana, sai da aka samo shanun amalanke suka jawo su.

Idirisu ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar. Bai daɗe ba ya fito, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Malam Yunusa, babu abin da ya lalace. Motar nan tayoyin gaba ne kawai ke jan ta. Haka aka yi ta."

Yunusa ya zagaya baya ya nuna da yatsa. "To wannan fa?"

Tanimu ya riga ya taso daga rumfa. Tun daga nesa ya gane 4x4 ɗin da ke jikin ƙofar baya, alamar mota mai kat-kat. Shi ya zuba ta bara, ga wani saurayi da ya ce yana so motarsa ta yi kwarjini in ya je zance. Saurayin ya sayar, motar ta bi hannun dillali, dillalin kuma ya bar haruffan suka yi masa ciniki. Tanimu ya tsaya yana kallon su. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne tsohuwar nan da bai taɓa gani ba, zaune cikin mota a tsakiyar yashi.

"Aikina ne," ya ce. "Ni na yi su."

Waɗanda ke wurin suka dubi Idirisu, don ga ranar da ya daɗe yana faɗa ta zo. Idirisu ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce wa Yunusa ya zauna ya sha ruwa, za su raka shi wurin dillalin. Su uku suka tafi. Dillalin ya fara da cewa shi bai ce komai da bakinsa ba, abin da ke rubuce ne mai saye ya karanta. Tanimu, wanda ba a san shi da ɗaga murya ba, ya ce masa a hankali shi ne ya rubuta, kuma a shirye yake ya faɗi haka a gaban shugaban dillalai. Aka kai maganar can. Bayan doguwar jayayya aka karɓi motar, aka ba Yunusa wata tsohuwar a-kori-kura mai kat-kat na gaske, wadda Idirisu ya shiga ƙarƙashinta ya duba kafin a sha hannu. Kafin su bar wurin Tanimu ya sa wuƙa ya ɓamɓare haruffansa daga jikin waccan motar, ya jefa su a aljihu.

Daga ranar ya daina. Samari suka yi ta zuwa da hotuna, yana ce musu ya koma tukwane. Yana zuwa fada, ya karɓi shayi, ya sha, ya tashi. Nazir ya yi ƙoƙarin tayar da tsohuwar gardama, amma Idirisu sai ya ce "haka ne" ya ci gaba da kallon titi. Fadar ta yi sanyi, aka koma hirar tsadar mai da ramukan hanya, mutane suka fara watsewa tun kafin magariba.

Rakiya ce ta gaji. Ta ga mijinta yana dawowa ba labari, yana cin abinci kamar an tilasta shi. Ta yafa mayafi ta tafi gidan yayanta.

"Yaya, ka yi nasara, to sai me? Mutumin nan ya zama kamar ba shi ba. Ka san ba tukwane yake so ba."

"Ni ban ce masa ya bari ba."

"Ba ka ce ya ci gaba ba kuma. Maganarka yake jira, ko da ba zai faɗa ba."

Washegari Idirisu ya shigo rumfa, ya jawo wata tukunya ya kife ya zauna a kai.

"Tanimu, har gobe ina nan kan bakana, Marsandin Mushe ba AMG ba ce. Amma ba ta taɓa kai kowa cikin yashi ba. In zai yi gudu, ni na san iyakarta, shi ma ya sani."

"Wancan saurayin ma ya san iyakar tasa," in ji Tanimu. "Wanda ya saya ne bai sani ba."

"To ka yi su yadda mai saye zai sani."

Maganar ta zauna wa Tanimu a rai. Bayan ƴan kwanaki ya sayo tagulla. Ya daina kwaikwayon haruffan kamfani sak, ya koma yin nasa, jajaye, masu kauri, da ɗan zane a gefe, yadda ko daga ƙetaren titi mutum zai gane aikin maƙeri ne. Ya kuma ce 4x4 kam ya bar ta har abada, ko wa zai zo. Wasu samarin suka yi tsaki suka tafi neman na roba a kanti. Wasu kuwa suka fi son sababbin, har aka fara cewa a yi sunan uwa ko sunan gari. Nazir ne ya fara kawo motarsa aka sauya masa AMG ɗin da ta tagulla, kuma da yammar ranar gardama ta dawo daram. Idirisu ya ce yanzu ƙaryar ta sa jar hula, Nazir ya ce ai abin da kowa ya gane ba ƙarya ba ne. Shayi ya yi ta tafasa ba wanda ya kula.

Da kakar dabino ta zo, sai ga Yunusa da a-kori-kurarsa, ya sauke buhu a bakin rumfa, ya ce tsohuwa tana gaishe su. Ya ce kuma yana da buƙata, yana so a rubuta masa GIDIMUNI da tagulla a bayan motar, manya-manya, don in ya wuce a san daga inda ya fito.

Tanimu ya yi su da kyau. Ranar ɗaurawa ya jera haruffan a jikin ƙarfen yana auna tazara da yatsa. Idirisu ya tsaya a bayansa yana kallo, ya ce na ukun ya karkace. Tanimu ya ce bai karkace ba, motar ce ta jingina. Idirisu ya yi ƙwafa, ya shiga garaji ya fito da injin huda ƙarfe, ya ce masa ya matsa gefe ya riƙe haruffan da kyau, shi zai huda.