Ashe Ganda Ma Nama Ce

"Me kike nema a ƙasan ganyen nan, Bilkisu?" in ji Madam, shugabarmu a ofis.

Sai a lokacin na lura ina ta tona faranti kamar kaza.

Aiki ne ya kai mu Legas, ta ja ni wani gidan abincin manya da ba a dafa nama. Ita ba ta ci. Ni kuwa don ta riƙa tafiya da ni, tun a mota na ce ai ni ma na daina. Ni, 'yar unguwar Sabo, da hayaƙin tsire ya raina!

Na yafito ma'aikacin, na rage murya: "Bawan Allah, ko 'yar ganda babu?"

Ya buɗe murya: "Ponmo, Anti?"

Madam ta ajiye cokali. "Fatar saniya fa?"

Na ce, "Ma, a Sabo ba ma sa ta a layin nama. Rakiya kawai take yi wa miya."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Tafiya ta gaba ki zauna ki kula da ofis."

Na so in bugo ƙofa da zan fita, ashe tasu a hankali take rufe kanta.

Jama'a ku raba mu: ganda nama ce?