Ƙullin da ke ƙarƙashin sitiyari

Ranar da na kawo motar gida, mahaifina bai ce mini barka ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya ce in buɗe masa ƙofar direba. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari, ya ɗaure wani magani da ya ɗinke cikin fatar akuya. Shi bai taɓa salla ba, a kan al'adar kakanninsa ya rayu. Ni kuwa ina salla tun ina firamare. Ya ce, "Kada ka kwance." Ban kuwa taɓa maganin ba. Damina biyu bayan haka ya rasu.

Aikina ɗaukar matan da ke kai tumatir da albasa daga bakin tafkin Madarumfa zuwa Maraɗi. Wata safiya wata wuta mai ruwan ɗorawa ta kama a tablo, allon da ke gaban direba, injin ya fara rawa. Kwana uku ina tuƙi idona a kanta. Duk wadda ta shigo sai in tuna tana da 'ya'ya a gida. A na huɗu na ce musu su nemi wata mota, na wuce garaji.

Makaniken dattijo ne mai tsokana. Ya fito da na'ura kamar babbar waya, da igiya. Ya ce kowace mota irin wannan tana da mahaɗi kusa da gwiwar direba, ramuka goma sha shida a layi biyu, ta nan take faɗin ciwonta. Ya leƙa, ya laluba, sai ya yi dariya.

"Maigida, wa ya toshe wa motarka baki?"

Zaren Baba ya naɗe mahaɗin gaba ɗaya, fatar ta zauna a kan ramukan. Makaniken ya ɗauko reza. Na riƙe masa hannu.

"Mahaifina ne ya ɗaura. Ba ya da rai."

Ya ajiye rezar. "Allah ya ba da haƙuri. Amma ba wata ƙofa sai wannan. In ka fi so in yi ta canza kaya da ka, sai mu fara."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ban taɓa yarda maganin yana tsare ni ba, sau da yawa ma na ji tsoron zunubin barinsa. Amma a duk gidanmu ba sauran wani abu da hannunsa ya ɗaure sai wannan. Na kuma san ba zan iya ɗaukar matan nan cikin motar da ban san ciwonta ba.

Na durƙusa na kwance da farce, a hankali, ina ƙoƙarin haddace yadda zaren ya bi. Makaniken ya jona igiyar, na murza makulli ba tare da tayar da inji ba. Harafi ɗaya da lambobi huɗu suka fito. Ya ce silinda ta biyu ce ba ta kama wuta daidai. Ya canza buji, wato fulogi, ya goge lambar, wutar ta mutu.

Na nemi wani ƙarfe can gefe, inda ba zai tare ramukan ba. Sau biyar ina gwada irin ƙullin Baba, bai fito ba. Makaniken ya tsaya yana goge hannu. Daga ƙarshe na ɗaure shi yadda nake ɗaure bakin buhu.