Tsakuwar da Ta Sa Inna Ta Goya Ni

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta kiran sunana. "Kai yaro," shi ke nan. In ta zuba mini tuwo, sai ta turo kwanon tana kallon wani waje. Haka ake yi a ƙauyenmu, can gefen Tarai, kunyar ɗan fari ce, ba mai ganin laifinta. A ɗakin kakata nake kwana.

Ina wajen shekara takwas fitsari ya zame mini masifa. In na tsuguna sai ya fara zuba ya tsaya cak, kamar an toshe bakin buta, zafi ya ratsa ni har tafin ƙafa. In na miƙe kuma ya yi ta ɗiga a wando. Ga zarni. A makaranta yara suka bar mini benci ni kaɗai. Kullum hannuna na gaban wando saboda raɗaɗi, Baba ya ɗauka iskanci na koyo, na sha tsumagiya har na gode Allah. Da aka ga jini-jini aka ce tsargiya ce, ai duk yaron da ke wanka a rafi yana yi. Kakata ta jiƙa mini saiwoyi tana tsokanata: "Wannan ne mijin nawa? Na fasa, kwashe tabarmarka ka ƙara gaba." Ina yaƙe, amma ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na yi dabara irin ta wawaye, na daina shan ruwa. A tsakiyar bazara fa. Wai in ban sha ba, ba abin da zai fito.

Wata rana tun safe ko ɗigo bai fito ba, marata ta kumbura tam. Na lallaɓa bayan rumbu na kwanta ina cizon hannu kada a ji ni. Baba ya tafi kasuwa, kakata ta tafi barka. Inna ce ta zo ɗibar kara ta gan ni. Ta waiga ko akwai wanda za ta aika, babu kowa. Ta durƙusa ta taɓa marar, na ƙwalla ƙara. Kawai sai ta saɓa ni a baya ta ɗaure da mayafi, ƙato da ni, ƙafafuna na dukan gwiwoyinta.

A zaure kakana, surukinta, yana zaune da dattawa. Matar da ko idonsa ba ta iya kallo ta ce, "Malam, asibiti zan kai shi."

Ya ce, "A jira ubansa mana."

Ta ce, "Yaron ba zai kai lokacin ba." Ta wuce.

Na cusa fuska a bayanta har bakin hanya, mata na leƙe ta saman danga. Wallahi a lokacin kunyar ta fi ciwon.

Mai babur ya kai mu Rano, aka sa mini roba fitsarin ya fita, aka tura mu Kano, Baba ya biyo mu can. Hoto ya nuna tsakuwa a mafitsara, aka yi aiki aka ciro ta, kamar ƙwan kurciya. Likitan ya ce wa Baba suna yawan ganinta a yara maza na ƙauyuka irin namu: ga zafi, ga ƙarancin shan ruwa, ga koko zalla tun daga yaye. Baba ya sunkuyar da kai.

Kwanakin nan na asibiti Inna a tabarma ta kwana gefen gadona. Ita ke riƙe mini kofi, tana goge mini baki, tana kiran sunana a hankali: "Daure ka ƙara sha." Na yi ta sha ko ba na jin ƙishi.

Da muka dawo, mata suka sa ta a gaba, wai ta zubar da kunya, ta goya ɗan fari a gaban suruki. Washegari na koma "kai yaro", na koma ɗakin kakata.

Na warke sarai, fitsari ya saki. Abin da har yau nake jin nauyin faɗa shi ne, na daɗe ina zagayawa bayan gida ina danna marata, ina fata in ji zafin ya dawo.