Takalman Shugaban Meziko

Ranakun aiki da yawa sun shuɗe mini, amma ban taɓa mantawa da safiyar da Malam Ɗan'azumi ya goge takalman mutum-mutumi ba. A watan Maris ne, kafin zuwan annobar korona. Lokacin ni ne shugaban masu sharar safe a wani lambun shaƙatawa da ke tsakiyar unguwar Manhattan a Amurka, ƙarƙashin wani kamfani mai kwangilar tsabta.

A gefen lambun akwai mutum-mutumin tagulla na wani tsohon shugaban ƙasar Meziko, wanda mutanensa ke ji da shi ƙwarai. Duk watan Maris sukan zo da furanni su tuna ranar haihuwarsa. To, ku sababbin ma'aikata ku buɗe kunne. Mu namu aikin shi ne share ƙasa da dakalin dutsen da yake tsaye a kai. Tagullar kanta ba ma taɓa ta, akwai ƙwararrun da ake turowa su wanke ta da sabulu mai laushi su shafa mata kakin zuma. Duhun nan da kuke gani a jikinta ba dauɗa ba ce. Maƙerin ne ya sa shi da gangan, da wuta da magani, kuma shi ke kare ƙarfen daga ruwan sama da ƙanƙara.

Malam Ɗan'azumi mutumin Damagaram ne, ya haura hamsin. Ya shekara da shekaru yana tallar awarwaron tagulla a bakin titin Canal Street, ido ɗaya kan kaya ɗaya kan 'yan sanda. Da takardunsa na izinin zama suka fito ya samu wannan aiki, kuma ba albashin ne ya ja shi ba, inshorar lafiya ce, don ciwon sukari ya sa matarsa a gaba. Yana cikin watannin gwaji. Sai ya kammala su ba tare da laifi ba inshorar za ta fara aiki. An faɗa masa dokar tun ranar farko, da Turanci da Hausa. Sai dai shi a wurinsa, "kar a taɓa" na nufin kar a ɓata.

Ana jibi bikin, na sauko jirgin ƙasa daga unguwar Harlem na tarar ya riga ni zuwa. Yana durƙushe kan dakalin, ga ɓarin lemon tsami, ga toka a gwangwani, ga soson ƙarfe. Takalman nan biyu har idon sawu sai ɗaukar ido suke yi kamar sabuwar tasa.

Na ce, "Innalillahi! Malam, me ka yi haka?"

Ya waiwayo yana murmushi. "Oga, duba don Allah. Babban mutum kamar wannan, baƙinsa na tafe jibi, a bar shi da takalmi kamar na mai haƙar rijiya? Tokar ma a wurin masu gashin nama na roƙo ta jiya. Ka ba ni tsani, kafin azahar na gama da fuskar."

Na ce masa ya sauko, ya ajiye soson.

Tsarin aiki a nan ba shi da kwana-kwana. Duk abin da ya sami mutum-mutumi, shugaban aiki zai ɗau hoto ya sanar da manaja kafin a tashi, kuma ko ban faɗa ba kyamara ta faɗa. Manajar, wata dattijuwa mai sanyin magana, ta kira ƙwararriyar da ke kula da tagullar. Matar ta zo ta tsuguna, ta shafa takalmin da yatsa. Ta ce soson ya karce ƙarfen, za a iya mayar da launin, amma karcen ya zauna ke nan.

Da la'asar aka kira shi ofis, ni ne tafinta. Manajar ta ce an rubuta abin a matsayin ɓarnar kayan jama'a, kwangilarmu kuwa ta ce a sallami duk wanda ya yi haka, kuma mai gwaji ba shi da damar ɗaukaka ƙara. Na roƙa, na kawo maganar matarsa, ta ce ba a hannunta yake ba.

Malam ya ce, "Oga, gaya mata ni ban ɓata ba. Gyarawa na yi."

Na gaya mata. Ta ce, "Na sani. Ka ce masa na sani." Ta miƙa masa takardar sallama.

Washegari aka zo da wutar gas da magani aka mayar da takalman baƙi. Ranar biki mutanen Meziko suka jera furanninsu, suka yi waƙarsu, ba wanda ya ko kalli ƙafar.

Na yi aiki da malalata, da masu latti, da masu ɓuya bayan bishiya suna latsa waya, da yawansu har yau suna nan suna cin albashi. Wanda aka kora a gabana shi ne wanda ya fi kowa sammako. Shi ya sa in na ga sabon ma'aikaci ɗan gida mai zafin nama, da shi nake fara zama, in ce masa a aikin nan abin da ba a sa ka ba, ko alheri ne, tambaya tukuna. Malam bai kai ƙarshen gwajinsa ba, matarsa kuma ba ta taɓa ganin likita da inshorar nan ba.