Waken da Aka Ƙwace wa Iya Hajo

Wata Litinin ce, washegarin kasuwar Illela, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, shekarar da azumi ya faɗo bayan girbi da 'yan kwanaki. Ban je makaranta ba ranar. Iya Hajo, mahaifiyar babana, ta tashe ni da sassafe, ta ɗora mini ƙaramar ƙwarya a ka, ita ta ɗauki babbar, muka kama hanyar Kalmalo da ƙafa. Kafin hantsi ya ɗaga mun duƙa cikin wata gona da aka gama roron wakenta, mu da wasu tsofaffi mata biyar ko shida, muna tsintar kwanson da ya faɗi da ƙwayoyin da suka tarwatse cikin rairayi. Ƙwaryar Iya ta kusa cika sai muka ji ƙarar babur. Labbo ne, mai kula da gonakin Alhaji Bube, dattijo da furfurarsa a gemu. Ya ce Alhaji ya hana kala daga bana. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana karɓar ƙorai yana juyewa cikin buhun da ya ɗaure a bayan babur. Da ya zo kan Iya ta miƙe a hankali tana dafe da ƙugu, ta ce, "Labbo, mi munka ɗauka da ba a bari ba?" Bai yarda ya haɗa ido da ita ba. Ya juye waken, ya ajiye mata ƙwaryar a ƙasa, ya tada babur ɗinsa.

Yaran yanzu da yawa ba su san kala ba, har akwai masu ɗaukarta ƙanwar sata. Ƙarya ne. Kala tana da doka, kuma mun fi sanin dokarta da karatun allo. Ba a shiga gona sai damin ƙarshe na mai ita ya fita. Ba a taɓa harawa, ba a taɓa abin da ke tsaye, sai wanda ya faɗi ƙasa. Mai gona ya fara, masu kala su biyo, sannan shanun Fulani su shigo su ci kara su bar taki, kowa da lokacinsa. Wannan gonar a da ta Malam Sahabi ce, mutumin da ba shi da komai sai jaki ɗaya da rumbu biyu. Shi da kansa yake tsayawa a bakin gona ya ce mu shigo an ɗauke, kuma kowa ya san da gangan yake barin kunya biyu ta gefen tsamiya ba a roro su da kyau ba. Ba mu taɓa durƙusa masa ba, shi ma bai taɓa jiran mu durƙusa ba. Bayan rasuwarsa magada suka sayar wa Alhaji Bube.

Alhaji Bube kuwa ba wake ne ya dame shi ba. Tirelolinsa ne ke kwasar albasa da hatsi su tsallaka iyaka, sefa da naira duk ɗaya ne a wurinsa, gidansa ne bene na farko da na taɓa gani, injin wutarsa kuma har unguwarmu ake jin sa. Babana yana cikin masu yi masa dako, yana sauke buhuna tun safe har wuyansa ya ƙi juyawa. Ban taɓa jin haushin arzikin Alhaji ba a lokacin. A makaranta 'ya'yan 'yan kasuwa na zuwa da burodi da biskit ɗin Ƙonni, mu muna zuwa da ɗumamen tuwo a ciki, amma in an tashi tara tare muke zama ƙarƙashin dogon yaro mu yi carafke, kuma ni ce ke cinye su. Yaro ba ya lissafin waye ya fi wa. Ranar da Labbo ya juye ƙwaryar nan ce aka fara koya mini.

Waken nan shi ne jarin Iya Hajo. Duk shekara sai ta yi mako biyu tana kala, ta shanya a kan tabarma, ta sussuka, ta sheƙe, ta zuba a tulu ta rufe da toka don ƙwari. In azumi ya kama, da la'asar sai ta ɗora kaskonta a ƙofar gida ta soya ƙosai, ni ina surfe da kai niƙa, ladana kuma ƙonannun da ke gefen kasko. Da wannan take ci, take sayen goro da sabulunta, take ba jikoki abin Salla. Tana zaune a gidan ɗanta amma ba ta taɓa miƙa masa hannu ba. Maganarta kullum ita ce, "Muddin hannuna na motsi, ba ni cin roƙo." Masifaffiya ce, ba zan ɓoye ba, tana kirana mai bakin tsiya ina rama mata, amma ban ga mai riƙe mutuncinta irinta ba.

Mun gwada wasu gonakin. Uku daga ciki Alhaji ya riga ya saye, sauran kuma masu kala sun yi musu yawa, sai mu wuni mu dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Azumi ya kama, kaskon Iya na kife a bayan ɗaki. Da la'asar sai ta fito ta zauna a inda ta saba suya, hannu a cinya, masu saye su zo su tambaya ta ce musu bana babu. A cikin gida ma abin ya yi tsanani, don an yi kwanaki motoci ba su tsallaka ba, dako ya tsaya, kunu kawai muke buɗa baki da shi.

Ana cikin goma na tsakiya aka yi shela cewa Alhaji Bube zai raba kayan azumi a ƙofar gidansa. Iya ta ce duk wanda ya je daga gidan nan ba da yawunta ba. Innata ta jira Iya ta shiga ɗaki, ta kira ni bayan rumbu ta ce in je kada in faɗa wa kowa. Har yau ban ga laifinta ba, tana da ƙannena uku da ke kuka. Na je. Mata da tsofaffi masu azumi a layi cikin rana tun hantsi har aka kira azahar, ƙofar ƙarfe a rufe, wani mutum riƙe da lasifika yana ta kirarin mai gida. Da aka buɗe, sai ka matso ka durƙusa, a miƙa maka leda, ka tsaya mai hoto ya ɗauka, ka ɗaga murya ka yi godiya don na baya su ji. Na durƙusa, na karɓa, na yi godiya, na rugo gida ina murna kamar na yi abin kirki.

Inna ta juye ledar a faifai za ta tsince, daidai nan Iya ta fito da buta za ta yi alwala. Ta tsaya. Ta ajiye butar, ta sa hannu ta ɗebo waken ta baza a tafinta. Waken kala ba ya ɓuya ga wanda ya taɓa duƙawa ya tsince shi: fari da ja a gauraye, wasu sun motse, wasu ɓari, kowace ƙwaya da tabon ƙasa a gefen da ta kwanta, ga tsakuwa. Mai kyan ya riga ya tsallaka iyaka a mota. Ta ce, "Wanga waken kala na. Namu na." Sai ta juyo ta dube ni.

"Kin yi mishi godiya?"

Na ce e.

"Da ƙarhi?"

Na ce e, Iya.

Ta gyaɗa kai, ta mayar da waken cikin faifai, ta ɗauki butarta. Ba ta doke ni ba, ba ta zage ni ba, wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Da aka sha ruwa mun ci waken nan, ni ma na ci, yunwa ba ta bar ni na yi zuciya ba. Iya ta sha kununta ta juya mana baya. Ba ta sake zuwa kala ba, ba ta sake ɗora kasko ba. Shekara biyun da suka rage mata, a hannun babana take karɓar na goro, tana karɓa tana kallon gefe. Kaskon ya ƙare a matsayin abin ba kaji ruwa.

Yanzu ni malama ce a firamare, ina bin hanyar Kalmalo in za ni gaishe da dangi. Gonakin da na sani an kewaye da yawansu da waya. Abin da ya faɗi ƙasa ana sharewa a kai wa ragunan da aka turke don kiwo, wanda raguna suka rage a ƙulla a leda a jira azumi. Layin ƙofar gidan Alhaji ya ƙara tsawo, kowa kuma yanzu mai hoto ne da wayarsa. In na ji ana cewa wane akwai kyauta, sai zuciyata ta yi zafi, har abokan aikina na cewa ina da hassada. Ba hassada nake ba. Allah ya ƙara musu, su hau jirgi su gina bene goma. Abin da ban yafe ba shi ne a ƙwace wa tsohuwa abin da ta duƙa ta tsinta da hannunta, a sa jikarta ta durƙusa ta karɓe shi da sunan sadaka. Ina kewar muryar Malam Sahabi a bakin gona yana cewa mu shigo. Na yi godiya sau dubu a rayuwata, waccan ce kaɗai nake so a maido mini.