Jirgi Ba Ya Yada Zango

Ranar da ɗana ya kawo mini maganar kujerar Makka, mu huɗu ne a tsakar gida nan Gusau: ni, da shi, da matarsa tana tankaɗe, da ƙanwata da ta zo daga Bungudu ganin likita. Na tambaye shi tafiyar kwana nawa ce. Ya duba wayarsa ya ce daga Sakkwato zuwa Jidda awa biyar ne. Ni ba da awa nake lissafi ba, sai ya ce in mun tashi da azahar, kafin a kira isha'i nan gida mun sauka.

Na shiga ɗaki na buɗe adaka. Har yau rigar saƙin da ke ciki tana warin baban rini.

Ina yarinya a 'Yandoto, ban fara azumi ba, kakata ce ke riƙe da gidan. Mijinta ya tafi Makka da ƙafa tun Baba yana goye, bai dawo ba. Labarin ƙarshe da aka kawo, an gan shi a Sudan yana noman auduga kafin ya ƙarasa. Ba ta yi takaba ba, kuma ba mai cewa marigayi a gabanta.

Shekarar da Baba zai tafi a jirgi daga Kano, tun ana yankan gero ta zauna kaɗi. Ta ba masaƙi, aka rina, aka ɗinka riga. Ta ce wa Baba in sun yada zango a Sudan ya shiga kasuwa ya tambayi mutumin 'Yandoto mai tabo a gira, ya ba shi. Baffana ya fara dariya, ta dube shi sau ɗaya ya haɗiye. Baba ya karɓa hannu biyu.

Da ya dawo, rigar tana ƙasan jaka, ninkin da ta yi mata bai warware ba. Ya durƙusa ya ce jirgi ba ya yada zango. Ƙasar da ta riƙe kakana shekara da shekaru, su tsakanin cin abinci da ɗan gyangyaɗi suka wuce ta.

"To, ka leƙa ƙasa?"

"Inna, a tsakiya aka zaunar da ni."

Ta ɗauki rigar ta shige ɗaki. Ba ta sake zancen ba, sai gab da rasuwarta ta miƙo mini ita.

Yaran yanzu ina jin su, wai awa biyar a zaune da wuya. Ba su san abin da ke ƙarƙashinsu ba.

Washegari da safe na sa rigar a jakar da zan riƙe a hannu, na tare ɗana a zaure kafin ya fita aiki. Na ce ya nema mini wurin zama a bakin taga, kuma a samu wanda zai gaya mini in mun zo saitin Sudan.