Motar da Na Haƙo Daga Ƙanƙara

Ranar da muka tashi da dusar ƙanƙara har gwiwa, ranar na daina ɗaukar kaina tauraruwar littafi.

Shekarata goma sha tara, watana biyu da aure, satina uku da lasisin tuƙi. Angona yana wurin aiki a filin jirgi. Sai na raya a raina in kai masa farfesu da kaina, in fito daga mota mayafi na kaɗawa, ya tsaya yana kallona kamar a littattafan da nake karantawa.

Motar ta Baba ce, gidansu na kusa da namu a unguwar da ake kira Jamaica, a nan ƙasar sanyi da muke zaune. Umma ta ce ba inda za ni. Na ce, "Ni fa matar aure ce yanzu."

Baba ya miƙo mini shebur. "To matar aure, haƙo motar, makulli naki ne."

Awa biyu ina haƙa, yatsuna suka ƙage. Da na share gilashi sai ga kujerar jariri a baya. Motar maƙwabci ce! Ta Baba tana gaba, a binne.

Na ɗaga kai, ga Baba a taga da kofin shayi.

"Baba, ka san ba ita ba ce?"

"Tun shebur na farko. Wadda ba ta gane mota a tsaye ba, ita za ta gane titi?"

Maƙwabcin ya sa mini albarka, ya ja motarsa. Farfesun kuwa Baba ne ya shanye.

Wa iyayensa suka taɓa yi wa irin wannan? Ni dai sai ƙanƙara ta narke zan sake taɓa sitiyari.